Simintin 42.5R a Wajen Buga Bulo: Ya Cancanci Kuɗinsa?

Duk wanda ya je sayen siminti a Ƙofar Ruwa ko wani shagon kayan gini a Kano zai ga lamba a jikin buhu: 32.5 ko 42.5, wani lokaci da harafin N ko R a gefe. Lambar tana nufin ƙarfin da simintin ke kaiwa bayan kwana 28 a gwajin ma'auni. R kuwa alama ce ta saurin kamawa: a kwana biyu ana son ƙarfin 42.5R ya kai 20 a wannan ma'auni, shi kuwa 42.5N, wanda ba na sauri ba, 10 ya wadatar.

Wannan lamba ta sha rigima, saboda zargin cewa simintin 32.5 ne ke jawo rushewar gine-gine. A 2014 hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta fitar da tsarin cewa 52.5 na gada ne da manyan ayyuka, 42.5 na bulo da kankare, 32.5 kuwa na filasta kaɗai. Kamfanin Dangote, wanda ya fito da simintin 3X mai lamba 42.5, ya mara wa tsarin baya. Kamfanin Lafarge da wasu suka ce atafau ba 32.5 ke rusa gini ba, ha'incin ma'aikata ne. Magana ta kai har Majalisar Wakilai. Kowane ɓangare yana da hujja, kowanne kuma yana da kasuwar da yake karewa, domin yin 42.5 na buƙatar rage dutsen farar ƙasa a cikin siminti, wanda ƙarin kuɗin sarrafawa ne ga masana'anta.

To, a filin buga bulo me ake gani?

Ga mai injin bulo, 42.5R ya biya kuɗinsa. Bulo yana kamawa da wuri, ana iya ɗaga shi washegari ba tare da gefensa ya zube ba, fili ya samu sarari. Ga dekin da ginshiƙi ma shi ne zaɓi. Amma a filasta ba shi da daɗin hannu. Yana saurin bushewa a kan cokalin magini, kuma a zafin Afrilu ko iskar hunturu sai bango ya yi tsage-tsage kamar gindin tafki a rani. Nan 32.5 ya fi shi laushi da sauƙin shafawa.

Babbar illar kuwa ba daga buhu take ba. Da masu bulo suka ji an ce siminti ya ƙara ƙarfi, da yawa sai suka ƙara yashi. Awon da ya dace shi ne ɗaya bisa shida: buhu guda mai kilo 50, wato kwanon gini biyu, a haɗa da kwano goma sha biyu na yashi, kusan baro uku ke nan. Wannan ba zai ba da bulo mai inci tara fiye da ashirin ba. Wanda ya fitar da arba'in daga buhu ɗaya, ko wace lamba ce a jikinsa, ƙasa ya sayar maka.

Yashin ma a duba shi. Na kogin Challawa, irin na wajen Tamburawa, yana da kaifi idan ba a haɗo da laka ba. Zuba shi a kwalba zuwa rabi, cika da ruwa da ɗan gishiri, girgiza, bar shi ya kwanta. Idan lakar da ta taru a sama ta doshi kashi ɗaya cikin goma na yashin, a mayar da tifar.

Sai bayi, wato ba bulo ruwa bayan an buga shi, inda aka fi yin sakaci. Siminti mai saurin kamawa ya fi buƙatar ruwa a kwanakin farko. Safe da yamma, kwana bakwai aƙalla, a lulluɓe da tsofaffin buhuna ko leda idan ana hunturu. Bulon da ya yi fari fat a kwana biyu bai nuna ba, ƙonewa ya yi, kana murza shi da yatsa zai dinga zuba.

Kafin ka biya, dubi ranar da aka ɗura buhun, ka kuma danna kusurwoyinsa. Wanda ya wuce wata uku, ko aka jibge shi a kan daɓe ba katako a ƙasa har ya fara dunƙulewa, ya riga ya rage ƙarfi, ko da an rubuta 42.5R da manyan haruffa.