Alƙalamin TDS da ruwan burtsatsen Sharaɗa, Bompai da Challawa

Masu gidajen ruwan leda, masu haƙa burtsatse, har da magidanta a unguwannin Kano da ke maƙwabtaka da masana'antu, da yawa sun mallaki wata 'yar na'urar gwada ruwa mai kama da alƙalami, wadda ake kira TDS, wato jimlar abin da ya narke a ruwa. A tsoma bakinta a kofin ruwa, lamba ta fito nan take, in ba ta kai 500 ba sai a ce ruwa lafiya lau. To, a nan gizo ke saƙa.

Na'urar ba guba take aunawa ba. Wasu 'yan ƙarafa biyu ne a bakinta da ke gwada yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, sai ta ninka sakamakon da 0.5 zuwa 0.7 ta ba da ƙiyasin duk gishirin da ya narke a lita guda, a miligiram. Ita 500 ɗin iyaka ce da ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, ya sa wa wannan jimla. A kwatanta da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ƙarafa masu guba, ita ma a miligiram a lita guda: kuromiyam 0.05, dalma 0.01, kadmiyam 0.003. Ruwan da dalmarsa ta ninka iyaka sau 20, 0.2 kacal yake ɗauke da ita, alhali lambar na'urar ɗaya-ɗaya take hawa. Ko gezau ba za ta yi ba. Haka ba ta ganin baƙin mai, fetur ko ƙwayoyin cuta.

Inda ta ci kuɗinta shi ne sa ido. Kamfanonin jima suna aiki da fatun da aka barbaɗe da gishiri, don haka ruwan dattinsu gishiri ne fal, tare da kuromiyam ɗin da ake jima da shi. Rijiyar da ta saba nuna 250, in ta koma 600 bayan an shiga damina, alama ce wani abu na tsiyaya cikinta daga lambatu ko kududdufi. Sai dai dole a riƙa aunawa duk mako, da safe, bayan an bar famfo ya zuba na minti 5 zuwa 10, a rubuta a littafi. Tana kuma tona asirin matatar RO, wato injin da ke tura ruwa ta wata fata don cire gishiri: in ruwan shiga 400 ne, na fita bai kamata ya wuce 40 ba, in ya wuce, fatar tacewar ta gaji.

Matsalolinta sanannu ne. Zafin ruwa na ƙara lambar da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri, don haka ruwan tankin da ya sha ranar Afrilu a kan rufi zai ruɗe ka in na'urar ba mai daidaita zafi da kanta ba ce. Batir in ya yi sanyi lambar rawa take yi. Kuma ba kasafai ake haɗa wa mai saye da ruwan saiti ba, wato ruwan da aka san lambarsa da ake daidaita na'urar da shi, wanda galibi na 342 ne. A nemi shi tun a shago.

Ga wanda iyalinsa ke shan ruwan, babu makawa sai ɗakin gwaji. Jami'ar Bayero na da sassan da suka san wannan aiki. A ɗebi ruwa a sabuwar gorar roba da aka ɗauraye sau 3 da ruwan rijiyar. Na gwajin ƙarafa ana ɗiga masa asid na naitirik, ma'aikatan ɗakin ne za su yi wannan. Nau'in kuromiyam da ake kira mai lamba 6, wanda ya fi illa, gorarsa daban ce, ba asid, cikin ƙanƙara, a gwada kafin awa 24. In takardar sakamako ta ce "ba a gano ba", a tambayi mafi ƙanƙantar adadin da injin ke iya gani, domin wasu injinan ba sa sauka zuwa 0.01 na dalma. A yi gwajin sau biyu, rani da damina.

Yara ne abin ji. Babba mai kilo 60 yana shan kamar lita 2 a rana, yaro mai kilo 10 lita 1, wato a kan kowane kilo na jikinsa yaron na kwasar ninki 3. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa a hankali, ba gudawa ba amai, iyaye ba su ankara ba. Tafasa ruwan ba ya fitar da ƙarfe, sai ma ya tattara shi yayin da tururi ke tafiya. In sakamako ya haura iyaka, a bar ruwan ga wanki da shara, a canza na sha da na girki a ranar, a kai kwafin takardar ga NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta jiha.