Faifai uku na oratoriyo da waƙoƙin Ibrananci da na saurara a Damagaram

Ƙanena da ke karatu a Faransa ne ya aiko mini da wannan ƙunshi na faifan CD guda uku, na kuma shafe mako biyu ina saurarensa bayan isha'i, lokacin da ƙarar kabu-kabu take lafawa a unguwarmu ta Zango. Oratoriyo labari ne da taron mawaƙa da makaɗa suke rerawa ba tare da wasan kwaikwayo ba, kuma a nan an ɗauko labaran daga Attaura da tarihin Bani Isra'ila.

Faifai biyu na farko sun ƙunshi aikin Handel, Bajamushen da ya zauna a Landan, a kan fitar Bani Isra'ila daga Masar, wanda aka fara gabatarwa a 1739. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da ya sami mutanen Fir'auna, saboda haka ko da ba ya jin Ingilishi ba zai ɓata ba. Da aka zo kan kwaɗi, sai gogen Turawa ya riƙa tsalle-tsalle kamar kwaɗon da ya fito daga tabki da damina. Da aka zo kan ƙudaje da ƙwarƙwata kuwa, sai ya koma wani irin zuza mai sauri, har ɗiyata ta kai hannu tana kaɗe kunnenta. Wurin da duhu ya rufe Masar ya fi ratsa ni, domin muryoyin suna tafiya a hankali kamar masu lalube.

Faifai na uku gajere ne, amma shi na fi maimaitawa. Shi ba oratoriyo ba ne, waƙoƙin Salamone Rossi ne, Bayahuden Mantuwa ta Italiya, waɗanda aka buga a Benis wajen 1623, guda 33, da harshen Ibrananci, muryoyi zalla babu kiɗa. Ibrananci daga dama ake rubuta shi kamar ajaminmu, alamomin kiɗa kuma daga hagu, sai masu bugawa suka jera kalmomin daga hagu, kowace kalma kuma ana karanta ta daga dama.

Inda ƙunshin ya gaza shi ne ɗan littafin da ke ciki: rubutun ƙanana ne ƙwarai, kuma babu fassarar Faransanci ko ɗaya. Sautin ma yana yin ƙasa sosai a wasu wurare, ta yadda fanka kaɗai takan danne shi, shi ya sa nake kashe ta duk da zafin garin nan.