Farar Ƙasa ko Zuma: Wanne Ya Fi Dacewa da Fuskarki?

Duk biyun haɗin shafa fuska ne, amma aikinsu ya sha bamban. Farar ƙasa tsotse maiƙo take yi, zuma kuwa riƙe danshi take yi a fata.

Idan fuskarki mai maiƙo ce, kafin azahar goshi da hanci sun fara ƙyalli, farar ƙasa ce taki. Ki kwaɓa ta da ruwa mai tsabta, ki shafa bayan kin wanke fuska, ki bar ta kamar minti 10. Inda mata da yawa ke kuskure shi ne barin ta ta bushe ƙarau har ta tsattsage, a zatonsu a lokacin ne take aiki. A'a, 'yar'uwa, a lokacin ta fara bushar da fatar kanta ne. Ki wanke tun tana da ɗan laima, ki bi da man shafawa. Sau 1 ko 2 a mako ya isa.

Zuma ba ta da wannan rigimar. Ki shafa kaɗan a fuska mai ɗan damshi, minti 15, ki wanke da ruwan ɗumi. Sai dai ki tabbata ta gaskiya ce, ba wadda aka haɗa da sukari ba.

Ni dai da hunturu zuma nake zaɓa, don iskar ta riga ta busar da fata. Farar ƙasa sai bazara, lokacin zufa.

Kowanne za ki gwada, ki fara ɗiga shi a fatar cikin damtsenki ki jira kwana 1, ki ga ko fatarki za ta karɓe shi. Kuma don Allah kada ki matsa lemon tsami a ciki, yana iya ƙona fata ya bar baƙin tabo.