Labarin satar kayan Nok: bincike mai daɗi da ya lalace a babin ƙarshe

Littafin labarin bincike ne da aka rubuta da Turanci, kan wani ɗan sandan ciki da ke bin sawun kan mutum-mutumin yumɓu na Nok wanda ya ɓace daga wani gidan adana kayan tarihi, har sawun ya kai shi wajen dillalai a Landan da Faris. Na saye shi ba tare da wani kyakkyawan zato ba, domin marubutan irin wannan labari sun saba mayar da ƙasarmu fagen wasa kawai, amma rabin farko ya riƙe ni sosai.

Marubucin ya yi aikinsa a ɓangaren tarihi. Ya kawo yadda masu haƙar kuza suka fara tono waɗannan sassaƙe a 1928 kusa da ƙauyen Nok na kudancin Kaduna, da yadda wani kai da aka kafa don korar tsuntsaye a gonar doya ya isa hannun Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, a 1943, kafin a buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Babin da ya fi burge ni shi ne na jabu, inda ɗan sandan ya gano cewa maƙeran ƙarya suna tattara tsofaffin ɓaraguzan asali su harhaɗa su da gam da sabon yumɓu, ta yadda idan masana suka ɗebi ɗan gari daga gindin don gwada shekaru, sakamakon zai nuna sama da shekara 2000. Sai da aka sa kan mutum-mutumin a na'urar hoton asibiti sannan ɗinkin ya bayyana, har idanun nan masu kusurwa uku da huda a tsakiya aka ga daga wani sassaƙen daban aka ciro su. A nan na fara yi wa abokai tallar littafin.

Da na san abin da ke gaba, da na dakata. Bayan duk wannan wahala, ba basirar ɗan sandan ce ta warware lamarin ba, wata tsohuwar wasiƙar Di'o ce ta faɗo daga cikin akwati a daidai lokacin da ake bukatarta, ta bayyana kome cikin shafi biyu. Wannan ha'inci ne ga mai karatun da ya yi ta tara alamu yana lissafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda aka ɗora wa laifin, wato tsohon maigadi da albashinsa bai kai masa ƙarshen wata, alhali dillalin da ya shirya takardun bogi da attajirin da ya biya kuɗin sun fita salin alin, har marubucin yana kwatanta su da masu ceton tarihi. Ai ba a ɓoye yake ba cewa masu saye ne suka haddasa tonon ɓarnar da aka yi a shekarun 1990, kuma an ga ce-ce-ku-cen da ya tashi a 2000 lokacin da aka baje kayan Nok a gidan tarihin Louvre na Faris.

Da na waiwaya kuma, sai na lura cewa duk mutanen ƙauyen da ke cikin labarin ba wanda ya yi magana fiye da jimla biyu. Mai son tarihi zai ƙaru da babin jabun nan, amma wanda ya biya kuɗinsa don labarin bincike ya nemi wani littafin.