Commodore 64 ko ZX Spectrum: wacce za a fara gyarawa?

Ɗan'uwanmu na Samaru ya ce ya tarar da tsofaffin kwamfutoci biyu cikin kayan marigayi mahaifinsa, Commodore 64 da ZX Spectrum 48K, ga shi kuɗin gyaran ɗaya kawai ke hannunsa. Allah ya jiƙan Baba. Malam, ni dai Spectrum zan ce ka fara da ita, amma don Allah kada ka jona ko ɗaya a wuta tukuna.

Duk biyun a 1982 suka fito, Commodore daga Amurka, Spectrum kuma daga kamfanin Sinclair na Ingila. Inda suka rabu shi ne yadda wuta ke shigarsu.

Commodore iri biyu take sha, volt 5 na DC da volt 9 na AC, daga wata adafta mai nauyi kamar bulo. Abin da ke daidaita volt 5 ɗin yana cikin adaftar, ba cikin kwamfutar ba. In ya tsufa sai wutar ta haura, ta zarce kai tsaye kan RAM, wato ƙananan sassan da ke riƙe bayanai yayin aiki, ta ƙone su, fitilar kwamfutar kuwa tana ci ja kamar lafiya lau. Yawancin adaftocin nan an cike cikinsu da wani daskararren danƙo, ba sa gyaruwa. Ɗora mitar auna wuta a kan adaftarka, ka auna volt 5 ɗin. In ta wuce 5.2, ajiye ta gefe. Ka kuma karanta rubutun jikinta, domin wadda aka yi wa Amurka ta volt 120 ce, tamu kuwa 230. Idan wuta ta daidaita amma allo ya tsaya baƙi ƙirin, a kan fara zargin PLA, wani ƙaramin sashe da ke haɗa aikin sauran sassan kwamfutar. Akwai sabon madadinta, sai dai daga waje za a yi oda. Ita kuwa SID mai fitar da sauti, ta asali tana da tsada sosai.

Spectrum ta fi sauƙin kai. Volt 9 na DC kawai take so, kuma ɗan sashen da ke sauke shi zuwa 5, mai lamba 7805, yana cikinta, abin da duk mai gyaran rediyo a Sabon Gari ya sani. Adafta ma za ka samu a kasuwa, amma ka lura: tsakiyar bakinta nagetif ne, akasin galibin na yanzu. Juya shi ɓarna ce nan take. Rauninta RAM guda 8 ne, samfurin 4116, masu buƙatar volt 5, da 12, da kuma -5. Wata ƙaramar transista, TR4, ita ce jigon samar da 12 da -5 ɗin, kuma ta saba mutuwa. Alamar ita ce zane-zane barkatai a allo maimakon sunan Sinclair a ƙasa. Da ka ga haka, kashe maza ka auna.

Wajen buɗe ta ka bi a hankali. Ledojin nan biyu da suka haɗa madannai da fanel sun bushe, ja kaɗan suke tsagewa, balle cikin hunturun Zariya.

Wajen mai gyara kuma, nemi dattijon da ya ƙware a tsofaffin talabijin, mai haƙurin zuƙe dalma ƙafa bayan ƙafa. Masu gyaran waya sun saba da hura iska mai zafi, wadda ke iya ɗaga layukan tsohon fanel. Turo mana hoton rubutun jikin adaftocin biyu da abin da mita ta nuna, sai mu ɗora daga nan.