Micro: Ctrl+S ya cika alkawari, Ctrl+V ya ci amana

Ga mai son ɗora sabon shiga kan gyara fayil a taminal, manhajar gyara rubutu ta micro ta fi takwararta nano daɗin sha'ani nesa ba kusa ba, domin yatsun mutum sun riga sun san maɓallansa. Ctrl+S ya adana, Ctrl+Q ya fita, Ctrl+Z ya janye abin da aka yi, Ctrl+Y ya maido shi, Ctrl+F ya nemo kalma, Shift da kibiya su haskaka rubutu. Duk wanda ya taɓa rubuta wasiƙa a Word ko Notepad ba ya buƙatar a zaunar da shi kan waɗannan. Na daɗe ban ga manhajar taminal da ta burge ni haka ba. Har fayil ɗin da ba ka da izinin taɓawa, idan ka danna Ctrl+S sai ya tambaye ka ko ya adana da sudo, wato da ikon mai kula da kwamfutar, maimakon ya bar ka da gyaran da ba inda za ka kai shi.

A nano kuwa, wanda ya gaji maɓallansa daga tsohuwar manhajar Pico tun 1999, Ctrl+O ne adanawa, Ctrl+X fita, Ctrl+K yanka, Ctrl+U mannawa. Sabon shiga ya danna Ctrl+V yana jiran rubutunsa, sai shafi ya gangara ƙasa. Ya danna Ctrl+C, sai a gaya masa layin da yake kai. A nano 8.0 na 2024 an ƙaro --modernbindings mai kawo maɓallan da aka saba, amma sai ka san da shi kafin ka kunna, kuma wanda ya san da shi ai ya wuce sabon shiga.

To, duk wannan yabon yana tsayawa ne a kan kwamfutar da ke gabanka. Da zarar an shiga wata sabar ta SSH, wato aka sarrafa wata kwamfuta daga nesa ta taminal, a nan gizo ke saƙar.

Ka haskaka layi a micro, ka danna Ctrl+C, saƙo ya fito a ƙasa cewa an kwafa. Ka koma burauza ka manna, babu komai, ko kuma wani tsohon abu ya fito. Juya shi kuma ya fi muni. Ka kwafo layin saiti daga burauza, ka dawo micro ka danna Ctrl+V, sai ya zuba maka abin da ka yanka ɗazu a cikin fayil ɗin, ba tare da wani gargaɗi ba. Mai gaggawa zai danna Ctrl+S da Ctrl+Q ya sake tayar da sabis, sannan ya zauna yana neman dalilin da ya sa sabis ɗin ya ƙi tashi. Wannan shi ya fi ɓata min rai. Nano dai tun farko yana nuna maka cewa shi baƙo ne, sai ka yi taka-tsantsan. Micro ya sa ka saki jiki, sannan ya zame a daidai maɓallin da ka fi yarda da shi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Micro yana gudana a kan sabar, ma'ajin kwafi kuma yana kan kwamfutarka. A saitinsa na asali yana neman ƙananan manhajojin kwafi irin su xclip ko xsel, ko wl-clipboard idan tsarin allo na Wayland ake amfani da shi, idan bai samu ba sai ya koma ma'ajinsa na cikin gida wanda babu wata manhaja da ke ganinsa. Ko a kwamfutarka ta Linux haka zai yi matuƙar ba a girka ɗaya daga cikinsu ba. A sabar da ba ta da allon zane kuwa, girka xclip ba ya magance komai.

Maganin da ke akwai shi ne a danna Ctrl+E a rubuta set clipboard terminal. Daga nan micro zai riƙa aika kwafin ta hanyar OSC 52, wato ya roƙi taminal ɗinka ya ajiye masa. Sai dai ba kowane taminal ke amsa wannan roƙo ba. Kitty yana yi, amma karantawa sai an ba shi izini a clipboard_control. iTerm2 yana karɓar kwafi kawai. xterm sai an kunna masa. GNOME Terminal, wanda sababbin masu Linux da yawa ke fara buɗewa, ba ya yi sam. Idan akwai tmux, manhajar raba taminal gida-gida, a tsakani, shi ma sai an sa masa set -g set-clipboard on. Ka ga abin da aka ce ba ya buƙatar koyo ya koma darasi mai hawa uku.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a bar wa taminal aikin: Ctrl+Shift+V don mannawa, sannan a riƙe Shift a ja linzami a danna Ctrl+Shift+C don kwafa. Amma a fara danna Ctrl+R a ɓoye lambobin layi, in ba haka ba za su biyo rubutun. Idan rubutun da aka manna ya riƙa karkacewa dama layi bayan layi, taminal ɗin ne bai sanar da micro cewa mannawa ake yi ba, sai a sa set paste on. Wato dai sabon shiga ya tashi da mannawa iri biyu a manhaja ɗaya, kuma dole ya tuna daga ina rubutun ya fito kafin ya zaɓi maɓalli.

A yi adalci, rabin laifin na taminal ne. Ctrl+I da Tab abu ɗaya yake aikawa, haka Ctrl+M da Enter, haka Ctrl+[ da Esc. Shi ya sa Ctrl+Backspace a taminal da yawa ke isowa a matsayin Ctrl+H ya goge harafi ɗaya tak, goge kalma sai da Alt+Backspace. Umarnin raw yana nuna ainihin abin da kowane maɓalli ya aiko, kuma yana da amfani sosai wajen gano inda matsala take. Akwai kuma masu tare hanya: tmux ya riƙe Ctrl+B, takwaransa screen ya riƙe Ctrl+A, taminal na cikin burauza kuma idan ka danna Ctrl+W don tsallakawa wani ɓangaren allo, shafin gaba ɗaya zai rufe da aikinka a ciki.

Za a ce ai ana iya sauya komai a ~/.config/micro/bindings.json. Gaskiya ne, kuma fayil ɗin yana da sauƙin karantawa. Amma gyaran ba ya bin ka zuwa sabar ta gaba, kuma idan aka buɗe da sudo micro yawanci saitin root, wato asusun mai kula da kwamfutar, zai karanta, ba naka ba. Mai koyo abin da ya tarar shi zai yi aiki da shi, don haka saitin asali shi ne abin dubawa. Jerin maɓallai na ƙasan allo ma, wanda nano ke nunawa kullum, a micro a kashe yake zuwa sai an danna Alt+G. Ban ga hikimar hakan ba.

A kwamfutar mutum ta kansa, a girka xclip ko wl-clipboard, a sa set keymenu true, a sa export EDITOR=micro a ~/.bashrc, ba ni da wani zaɓi da ya wuce shi. A kan sabar kuwa ba zan miƙa wa sabon shiga shi ba sai na fara gwada Ctrl+V a taminal ɗin da zai yi amfani da shi, idan bai yi ba in ce masa ya manta da maɓallin ya riƙe Ctrl+Shift+V.