Fassara tsohuwar manhaja ko gina sabuwa?

Iyaye Hausawa a nan Jidda sun sha tambayata: manhajar koyon karatu ta yara, a fassara wadda ake da ita ne ko a gina tamu?

Fassara ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. GCompris, misali, kyauta ce, an yi ta don 'yan shekara 2 zuwa 10, kuma kowa na iya sa hannu a fassara ta. Sai dai ba kalmomi kaɗai ba ne aikin. Wasan cinikinta da yuro ake yi, yaron da riyal ya sani kuwa sai ya tsaya yana kallon allo. Ga ɗaukar muryar haruffa: dole a ji bambancin ƙ da k, ɗ da d. Yaranmu kuma Larabci suke yi a makaranta, daga dama suke fara karatu, boko kuwa daga hagu.

Sabuwa za ta ɗauki wannan duka, har da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Amma tana cin kuɗi, kuma ranar da mai gyaranta ya gaji, ta mutu.

Iyaye da malamin da ke aiki shi kaɗai, fassara ta ishe su. Ƙungiyar da za ta iya biyan mai kula da ita shekara da shekaru, ta gina sabuwa.